Ina ya dace baƙo ya ci abinci a birnin Krakow?

Baban Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san birnin Krakow na ƙasar Poland, domin zan halarci wani taron ƙara wa juna sani a Jami'ar Jagiellonian a watan gobe, kuma tare da uwargida za mu je. Masaukin da aka kama mana yana cikin tsohon gari, kusa da babban dandalin da suke kira Rynek, amma karin kumallo kaɗai za a riƙa ba mu. Abin da nake so in sani shi ne inda za mu riƙa cin abincin rana da na dare ba tare da mun faɗa wa naman alade ba, kuma ba tare da guzurinmu ya ƙare kafin ranar komawa ba. Ba na so mu je har can mu dawo ba mu ɗanɗana girkin mutanen ƙasar ba, matuƙar akwai wanda ya halatta.

Ɗan Maraɗi:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo ku lafiya. Karatu nake yi a wannan birni, don haka zan faɗi abin da na sani, manya su gyara mini. Shawarata ta farko ita ce kada ku zauna cin abinci mai nauyi a kan dandalin Rynek. Dandali ne babba, kowane ɓangarensa ya kai kimanin mita 200, an shata shi tun 1257, kuma gidajen abinci sun kewaye shi da kujeru da laimomi, amma mafi yawan kuɗin da za a caje ku na kallon wurin ne, ba na abin da ke cikin faranti ba.

Abin da ya fi dacewa da ku shi ne gidajen da ake kira bar mleczny. Kada sunan ya razana ku, ba mashaya ba ce, ɗakunan cin abinci ne masu araha waɗanda suka yaɗu a zamanin mulkin kwaminisanci, kuma har yau gwamnati tana ba wasunsu tallafi a kan abincin da babu nama a ciki. Wannan tallafin ne ya sa girkin da ba na nama ba yake da yawa a wurinsu kuma yake da sauƙin kuɗi, abin da ya zo mana daidai. Ba a zama a jira a zo a tambaye ka. Za ka karanta jerin abinci a jikin bango, ka biya wurin mai karɓar kuɗi, ka miƙa rasit ta taga, ka ɗauki tirenka da kanka, idan ka gama kuma ka mayar da kwanukan inda ake ajiye su. Akwai ɗaya mai suna Pod Temidą a titin Grodzka, wato titin da ya tashi daga Rynek ya nufi fadar Wawel. Ku nemi pierogi ruskie, wanda ƙullun fulawa ne da aka cusa wa dankalin turawa da farin cuku da albasa aka dafa a ruwa, ko placki ziemniaczane na gogaggen dankali da aka soya, ko naleśniki z serem, wato siririyar wainar fulawa da aka naɗe da farin cuku a ciki, sannan ku kora da kompot, ruwan dafaffun 'ya'yan itatuwa ne wanda babu barasa a cikinsa.

Hajiya Ta Warsaw:
Ɗana na Maraɗi, ka yi bayani mai kyau, amma ka tsallake wurin da haɗarin yake. Na daɗe a ƙasar nan, kuma abin da na lura da shi shi ne naman da ido ke gani ba shi ne matsala ba, domin babu Musulmin da zai ga kiełbasa, wato sosej ɗinsu, ko kotlet schabowy, soyayyar tsokar alade, ya ce a zubo masa. Matsalar tana cikin kitse da romo. Wannan pierogi da ka yaba, al'adar masu girki ce su barbaɗa masa soyayyen kitsen alade a sama kafin su miƙo, abin da suke kira skwarki, kuma ko albasar da ake zubawa wani lokaci da kitsen alade aka soya ta. Miyar da za ka gani babu ko tsoka ɗaya a ciki, irin ta kokwamba mai tsami ko ta kabeji, sau da yawa a kan ƙashin haƙarƙarin alade aka dafa romonta. Żurek, miyar tsami da ake kai duk baƙo ya sha, yawanci da farar kiełbasa ake yin sa, bigos kuwa, wato dafaffen kabeji da nama, ba a ma maganarsa.

Wani abin kuma, Malam, za ka ga lambobi a gefen sunan kowane abinci ka zaci sun bayyana duk abin da ke ciki. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta a bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da ciwo, irin su gyaɗa da madara da ƙwai da kifi da riɗi, amma alade ba ya cikinsu. Ni dai shawarata ku nemi gidan abincin Turkawa ko Larabawa ko 'yan Indiya da kuka tabbatar da shi, ku tsaya a nan har ku gama kwanakinku.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, duk abin da kika faɗa game da kitse gaskiya ne, kuma na gode da kika ƙara shi. Inda ban bi ki ba shi ne a ce mutum ya baro gida ya zo birnin da ya taɓa zama fadar sarakunan Poland har kusan ƙarshen ƙarni na 16, sannan ya ƙare a kan shinkafar Indiya da zai iya samu a ko'ina. Maganin abin da kika ambata shi ne tambaya, kuma mutanen nan ba sa jin haushin tambaya. Malam ya rubuta kalmomi huɗu a takarda ya riƙe: wieprzowina shi ne naman alade, smalec kitsensa, boczek da skwarki kuma su ne waɗanda ake barbaɗawa. Idan ya ce bez skwarek, bez boczku, za a ba shi pierogi ɗinsa babu komai a kai, ko a zuba masa man shanu ko kirim mai tsami. A kan soyayyen abu kuma ya tambaya ko da olej aka soya, wato man girki. Miya ce kaɗai ni ma nake kauce mata sai a gidajen masu cin ganye zalla, kuma irin waɗannan gidaje suna da yawa a Krakow, a can mutum zai sha żurek da jar miyar barszcz hankalinsa kwance.

Injiniya:
Sannunku da ƙoƙari. Ni zan ɗan kare dandalin Rynek da ƙanena ya kora Malam daga gare shi. Na yarda ba wurin cin abincin kullum ba ne, amma wanda ya zo da iyalinsa ya dace ya ware yamma ɗaya ya zauna a can ya sha shayi, ko da kofin ya ninka kuɗinsa na cikin unguwa. A cikin ginin Sukiennice da ke tsakiyar dandalin, wanda tsohuwar kasuwar tufafi ce, akwai gidan shan kofi na Noworolski da ya haura shekara ɗari. Daga nan ne za ku ji mai busa kakaki daga hasumiyar cocin Mariacki a kan kowace awa, yana busawa ta fuskoki huɗu, kuma kullum busar tana yankewa ba a kai ƙarshenta ba. A titin Floriańska kuma akwai Jama Michalika, wanda aka buɗe a 1895, inda masu zane da marubutan birnin suka riƙa taruwa a farkon ƙarni na 20, har yau zanensu yana jikin bango.

Za a kuma yi muku tallar gidan Wierzynek da ke kan dandalin. Sunan ya samo asali ne daga wani attajiri, Mikołaj Wierzynek, da aka ruwaito ya shirya wa sarakunan Turai walima a 1364 lokacin da suka taru a Krakow a zamanin Sarki Kazimierz, shekarar da aka kafa jami'ar da Malam zai je. Walimar ce ke da wannan tsufan, gidan abincin na yanzu bayan yaƙin duniya na biyu aka buɗe shi. Ban ce kada ku shiga ba, amma ku duba farashi a bakin ƙofa tukuna. Idan masu taron ne suka gayyace ku, wannan wata magana ce. Ga mai son girki na ƙwararru kuma akwai Bottiglieria 1881 a unguwar Kazimierz, wanda ya samu tauraro biyu na Michelin, lambar yabo ta gidajen abinci, a 2023, na farko a duk ƙasar da ya samu biyu, sai dai a irin wannan wuri su ne ke tsara abin da za a ci, don haka dole a sanar da su abin da ba a ci tun lokacin kama kujera.

Gargaɗi ɗaya zan ƙara a kan na Hajiya. A gidajen da ke girkin gargajiya, kafin abinci ya iso sukan ajiye burodi da kokwamba mai tsami da wani ɗan kasko mai farin abu kamar daskararren man shanu. Smalec ne, kyauta suke ba da shi don karrama baƙo, kuma mai kawo abincin ba zai yi tunanin ya faɗa muku ba.

Baban Hafsa:
Allah ya saka muku da alheri, na rubuta kalmomin. Wani abokin aikina da ya taɓa zuwa ya ce mini in tafi unguwar Kazimierz kawai, wai unguwar Yahudawa ce, kuma tunda su ma ba sa cin alade, duk abin da na samu a can zan iya ci. Mene ne gaskiyar wannan magana?

Malam Bakatsine:
Ta fuskar hukunci, aya ta 5 a cikin Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin waɗanda aka bai wa Littafi, kuma malamai sun fassara abincin nan da yankansu. Yankan Yahudawa masu bin ƙa'idar addininsu yana da tsauri ƙwarai, da wuƙa ake yi a maƙogwaro, ana tsiyaye jini, kuma alade ba ya kusantar ɗakin girkinsu. Don haka idan gidan abinci yana da shaidar kosher ta gaskiya, wato shaidar cewa abincin ya bi ƙa'idar addinin Yahudawa, ni ban ga laifin cin namansa ba. Abin da za a kiyaye shi ne giyar inabi ta halatta a wurinsu, suna iya sa ta a miya ko a kayan zaƙi, saboda haka ita ce abin tambaya a can.

Ɗan Maraɗi:
Malam Bakatsine ya faɗi hukunci, ni kuma bari in faɗi abin da ke ƙasa. Abokin aikin Malam ya ɗauki Kazimierz ta da ya ɗora a kan ta yau. Kafin yaƙin duniya na biyu Yahudawa sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Krakow. A 1941 'yan Nazi suka tattara waɗanda suka rage a birnin suka killace su a Podgórze, tsallaken kogin Wisła, daga nan aka hallaka mafi yawansu. Yau kaɗan ne suke zaune a birnin. Gidajen abincin da suka jeru a titin Szeroka, masu kiɗan gargajiyar Yahudawa na klezmer da dare da tsofaffin hotuna a bango, galibinsu girki ne irin na Yahudawa da ake yi wa masu yawon buɗe ido, ba su da shaidar kosher, kuma namansu daga kasuwar kowa da kowa yake. Masu shaidar ba su da yawa, kuma sukan rufe daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar.

Duk da haka Kazimierz ta cancanci zuwa, tafiyar ƙafa ce daga Wawel. Akwai wurare da dama masu sayar da falafel da humus, waɗanda babu nama a cikinsu. A dandalin Plac Nowy kuma akwai wani zagayayyen gini da ake kira Okrąglak, wanda kafin yaƙi mayankar kaji ce ta Yahudawa, yanzu kuwa ta tagoginsa ake sayar da zapiekanka, rabin dogon burodi da aka gasa da cuku da laimar kwaɗi irin wadda ake ci. Na asalin ba shi da nama, sai dai a tanda ɗaya ake gasa shi da masu naman alade, kuma hannu ɗaya ne ke haɗa su. Wanda wannan ya dame shi ya wuce abinsa.

Hajiya Ta Warsaw:
To ka gani, ɗana, da bakinka ka dawo kan maganata. Tanda ɗaya, kasko ɗaya, cokali ɗaya. Amma don kada a ce na yi son kai, ita ma shawarata tana da nata ramin. Kebab ya cika Poland, kusan kowane titi akwai shi, kuma ba kowane mai kebab ne Musulmi ba, ba kuma kowane nama da ke juyawa a kan ƙarfe ne yankan Musulmi ba. Abin mamaki shi ne ƙasar nan ce kan gaba wajen kiwon kaji a Tarayyar Turai, kuma tana fitar da naman halal mai yawa zuwa ƙasashen waje. An taɓa hana yanka irin na addini daga farkon 2013, har kotun tsarin mulki ta soke hanin a watan Disamba na 2014. Amma wannan bai sa kazar da ke cikin kanti ko cikin tukunyar bar mleczny ta zama halal ba. Hanya mafi sauƙi ita ce Malam ya je sallar Juma'a a cibiyar Musulmi ta Krakow ya tambayi 'yan uwa inda suke saye da inda suke ci, domin gidajen nan suna canja hannu, wanda aka amince da shi bara yana iya zama na wani a bana.

Malam Bakatsine:
Hajiya, a kan kazar Kiristoci akwai saɓani tsakanin malamai. Wasu sun tsaya a kan faɗin ayar sun halatta, wasu kuma sun ce yankan inji da sumar da dabba kafin yanka sun canja lamarin, musamman idan ba a tabbatar tana da rai lokacin da wuƙa ta hau ta ba. Ba zan yanke wa Malam ba, ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi.

Hajiya Ta Warsaw:
Na ji, Malam, Allah ya ƙara sani. Ni dai ina tare da masu barin ta.

Maman Khalil:
Ina ta karanta muhawarar nan ina jiran wani ya ambaci kifi, shiru. Yaya Baban Hafsa, kifi ne ya raba wannan gardama. Yawancin mutanen Poland mabiya ɗarikar Katolika ne, kuma al'adarsu ce su bar nama ranar Juma'a, saboda haka a ranar za ka tarar da kifi a kusan kowane gidan abinci, har da masu araha. Ku nemi pstrąg, kifin ruwan sanyi ne da ake gasawa ko a soya da man shanu, kuma wanda ya yi suna shi ne na kwarin Ojców da ke arewa da birnin, inda ake kiwonsa tun kafin yaƙin duniya na biyu. Akwai kuma śledź da ake ci da sanyinsa a cikin mai da albasa, amma ban ba da tabbacin zai yi wa uwargida daɗi a karon farko ba.

Inda mata muka fi faɗawa shi ne kayan zaƙi, don haka a isar mata da wannan saƙo. Pączki, waɗannan soyayyun ƙwallayen fulawa masu jam a ciki, a gargajiyance da kitsen alade ake soya su, kuma wasu suna ɗiga barasa a ƙullun don kada ya sha mai. Kremówka, kek mai kirim a tsakiya wanda ya yi suna bayan Fafaroma John Paul na biyu ya tuna da shi a garinsu Wadowice a 1999, wasu masu yin sa suna sa barasa a kirim ɗin. Duk kek mai sheƙi a sama kuma akwai yiwuwar jelatin ne. Ba duka ne haka ba, amma a tambaya.

Na safe da na hanya kuwa, obwarzanek ya ishe ku. Murɗaɗɗen burodi ne mai siffar zobe wanda ake tsomawa a tafasasshen ruwa kafin a gasa, a barbaɗa masa gishiri ko riɗi, ana sayar da shi a ƙananan amalanke masu launin shuɗi a kusan kowace kusurwa. An ambace shi a rubuce tun 1394, kuma Tarayyar Turai ta ba shi kariyar suna a 2010. A saya da safe, domin zuwa la'asar ya yi tauri. Idan kun fita ta ƙofar Floriańska kuka wuce zagayayyar tsohuwar ganuwar da ake kira Barbakan kaɗan, za ku isa kasuwar Stary Kleparz, inda za ku sayi tuffa da tumatir da zuma da cuku a farashin 'yan gari.

Injiniya:
Tunda an zo kan cuku, za ku ga ana gasa wani ƙyafaffen cuku a bakin titi ana ɗora masa jan jam mai tsami, ana kiransa oscypek. Na gaskiyar da nonon tumaki ake yin sa a tsaunukan Tatra, a watannin da tumaki ke kiwo a kan tudu kawai, wato daga bazararsu zuwa farkon kaka. Ƙananan da ake gasawa duk shekara yawanci na nonon saniya ne. Suna da daɗi, amma kada a karɓi kuɗin na tumaki a hannunku.

Sannan batun biyan kuɗi. Tukuicin mai kawo abinci kimanin kashi 10 cikin ɗari ne a gidajen da ake zama a kawo maka, a bar mleczny kuwa ba a bayarwa. Idan kuka miƙa takardar kuɗi kuka ce dziękuję a daidai lokacin, da yawa za su fahimci cewa kun bar musu canjin ne, don haka a riƙe godiyar sai canji ya dawo. Kuɗinsu złoty ne, ba yuro ba, kuma idan na'urar kati ta tambaye ku da wane kuɗi za a cire, ku zaɓi złoty.

Ɗan Maraɗi:
Saura lokaci. Babban abincinsu, obiad, da rana ake cin sa zuwa la'asar, shi ya sa yawancin bar mleczny suke rufewa da wuri, kuma wanda ya makara zai tarar an goge rabin abin da ke kan allo. Ku mayar da na rana ya zama mai nauyi, na dare kuma ku nufi Kazimierz inda ake kai wa dare. Tun 2018 doka ta hana manyan kantuna buɗewa a mafi yawan ranakun Lahadi, gidajen abinci dai suna buɗewa, amma ruwa da burodi da 'ya'yan itace a saye su ranar Asabar. Idan taron ya bar muku rabin yini, ku hau jirgin ƙasa na cikin gari, wato tram, zuwa Nowa Huta, unguwar da aka fara ginawa a 1949 domin ma'aikatan masana'antar ƙarfe. Kusa da Plac Centralny akwai bar mleczny da 'yan unguwa ke ci, da kuma gidan abinci na Stylowa da ke nan tun 1956.

Hajiya Ta Warsaw:
Ka aika su Nowa Huta inda mai karɓar kuɗi ba lallai ta ji Turanci ba, to su tafi da takardar nan tasu a hannu. Malam, a gaya wa uwargida ta ƙullo yaji, domin girkin mutanen nan ba shi da barkono ko kaɗan. Amma kada ta sako kilishi ko dambun nama ko man shanu a jaka, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, kuma idan jami'an kwastan suka gani a filin jirgi za su karɓe, wani lokaci har da tara.